Barasa da Tuƙi: Dalilin da Ya Sa Doka Take Auna Jini

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana shafe kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Saboda haka, direban da ya makara da daƙiƙa guda wajen taka birki ya riga ya cinye wannan tazara kafin ƙafarsa ta motsa. Irin wannan jinkiri ne barasa ke haddasawa. Da zarar an sha ta, sai ta ratsa bangon ciki da na ƙaramin hanji ta shiga jini, ta isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan mintoci. A can takan rage saurin saƙonnin jijiyoyi, ta kuma dagula kintatar nisa. Mafi muni, tana ƙara wa mashayi ƙarfin hali a daidai lokacin da iyawarsa ke raguwa.

Wannan ne ya sa doka ba ta jiran direba ya fara tangaɗi, sai dai ta auna yawan barasar da ke jininsa. Ƙasar Norwe ce ta fara ƙayyade iyaka a 1936. A 1954 wani Ba'amurke, Robert Borkenstein, ya ƙera na'urar auna numfashi, wadda ta dogara kan cewa wani ɓangare na barasar jini yana fita ta huhu. Binciken da ya jagoranta a garin Grand Rapids, wanda aka wallafa a 1964, ya nuna cewa haɗari yana ƙaruwa yayin da barasa ke ƙaruwa a jini. Birtaniya ta tsayar da miligiram 80 cikin kowace mililita 100 ta jini a 1967, Suwidin kuwa ta sauko zuwa 20 a 1990. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada a wuce 50.

Hanta ce ke narkar da barasa, ita kuwa ba a yi mata gaggawa: kimanin miligiram 15 take ragewa a awa. Wanda awonsa ya kai 100 da tsakar dare, ba zai sauko ƙasa da 50 ba sai bayan ƙarfe uku na dare. Goro, gahawa ko wanka da ruwan sanyi na iya kore barci, amma ba su rage barasar da ke cikin jini. Lokaci kaɗai ke yin wannan aiki, don haka wanda ya sha ya bar wa waninsa sitiyari.