Kwamfuta ta ƙi tashi bayan sabunta BIOS: abin yi kafin a fid da rai

Ranar 14 ga watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft na Amurka ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi ma tsarin Windows 10. Mai son komawa bisa Windows 11 kuwa sai kwamfutarsa ta cika wasu sharuɗɗa, cikinsu har da wani makullin tsaro da ake kira TPM 2.0. A kwamfutoci da yawa makullin yana nan amma a kashe yake, ba ya kunnuwa sai an shiga BIOS, wani lokaci ma sai an sabunta BIOS ɗin. Ta haka ne aikin da a da sai ƙwararrun masu gyara ke taɓawa ya shigo burorin gomnati da shagunan ƴan kasuwa. Galibi akan ƙare lafiya cikin ƴan mintoci. Amma akan samu ranar da na'ura za ta mutu ta sake kunnuwa, fanka na juyawa, ƴar fitila na ci, gilashi kuwa baƙi ƙirin, ko harafi ɗaya babu.

Ga ɗan kasuwar Maraɗi ko na Damagaram wanda lissafin bashi da na kayan mangaza ke cikin na'urar, da ma'aikacin da ke jiran miƙa rahoton ƙarshen wata, wannan rana ce ta faɗuwar gaba. To, abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, takardunsa suna cikin diski, shi kuwa BIOS yana wani wuri dabam. Lalacewar ɗayan ba ta taɓa ɗayan. Hasarar da ba ta gyaruwa takan zo ne daga baya, sa'ad da gaggawa ta sa aka yarda a goge diski a zuba sabon Windows.

Mene ne BIOS?

A cikin kowace kwamfuta akwai wani babban allo wanda dukan sassa ke manne a jikinsa, wanda a Faransanci ake kira carte mère, wato uwar allo. Bisa wannan allo akwai ɗan guntun ƙwaya mai ƙafa 8, bai kai farcen ɗan yatsa ba, wanda yawanci ke ɗaukar megabayit 16 ko 32. A cikinsa ne aka rubuta umurnin farko da na'ura ke bi da zarar an danna maɓalli: ta tada furosesa, ta ƙidaya RAM, ta kunna gilashi, sa'an nan ta biɗi diskin da Windows ke ciki ta miƙa masa ragama. Sunan BIOS ya fito tun 1975 a tsarin CP/M na Gary Kildall, ya kuma bazu da kwamfutar IBM ta 1981. Tun 2005 masu ƙera na'urori suka haɗu bisa sabon tsari mai suna UEFI, shi ne ke cikin kwamfutocin yau, ko da yake baki ya saba da tsohon sunan.

Sabunta BIOS yana nufin a goge abin da ke cikin ƙwayar a rubuta sabo. Tsakanin gogewa da ƙare rubutu akwai ƴan mintoci da na'ura ba ta da cikakken umurni. In wuta ta yanke a wannan tsakani, ta zama kamar magatakardan da aka yage ma rabin littafin aiki. Duniya ta ga girman wannan rauni ranar 26 ga Afrilu na 1999, lokacin da wata ƙwayar cuta mai suna CIH, wadda wani ɗalibin Taiwan, Chen Ing-hau, ya rubuta a 1998, ta tashi ta goge farkon diski, a wasu kwamfutocin har da BIOS. Saboda ranar ta dace da ta haɗarin Carnobil na 1986 aka laƙa mata sunan. Tun daga wancan zamani masu ƙera uwar allo suka yi ta ƙara hanyoyin ceto.

Duk da haka, barin BIOS yadda yake har abada shi ma yana da nasa haɗari. A 2024 kamfanin Intel ya amsa cewa wasu furosesa nasa na tebur, na zubi na 13 da na 14, suna jan wutar da ta wuce kima har su lalace a hankali. Maganin da ya fitar a watannin Agusta da Satumba na shekarar ba ya isa ga na'ura sai ta hanyar sabunta BIOS, kuma kamfanin ya ƙara shekara 2 bisa garantin waɗannan furosesa. Ban da wannan, kwamfutocin HP da Dell da Lenovo sukan karɓi sabon BIOS ta hanyar Windows Update, har mai na'ura bai san abin da ake ciki ba sai ya ga rubutu yana gargaɗin kada a kashe.

Haƙuri tukuna

Bayan sabuntawa, al'ada ce kwamfuta ta mutu ta kunnu sau biyu ko uku da kanta. Sababbin na'urori masu RAM irin DDR5 kuma sukan ɗauki mintoci da gilashi baƙi suna gwada RAM ɗin. Wanda ya zare waya a wannan lokaci shi ya jawo abin da yake gudu. A ba ta minti 10 zuwa 15 ba tare da taɓa komi ba.

In shiru ya yi yawa, a kashe, a zare wayar kuran, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30 don sauran wuta ta fita. A cire duk abin da ke maƙale a waje: na'urar buga takardu, kile, diskin waje. A bar gilashi da allon rubutu kaɗai, a sake gwadawa. A kasa kunne, domin wasu na'urori kan yi ƙara ƙit-ƙit mai ƙidaya, ma'anarta tana cikin littafin na'urar. Wasu alluna kuma suna da ƴan fitilu huɗu masu suna CPU, DRAM, VGA da BOOT. Wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda aiki ya tsaya.

Mataki na gaba shi ne a mantar da na'ura tsohon saitinta, domin sabon BIOS kan yi tuntuɓe da saitin da tsohon ya bari. Bisa uwar allo akwai ɗan batiri mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3. Bayan an zare kuran, a cire shi na minti 5, a mayar. Wasu alluna suna da ƙusoshi biyu masu rubutun CLR_CMOS ko CLRTC ko JBAT1, waɗanda akan haɗa da bakin sukudireba na ƴan daƙiƙoƙi. Wannan aiki saiti kaɗai yake gogewa, ba ya taɓa takardu. Kwanan wata da agogo ne za a sake gyarawa.

In har yanzu babu hoto, a koma ga RAM. A cire sandunan duka, a goge haƙoransu na zinariya da abin goge fensir, domin ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina daga Tawa har Yamai tana hana su kama wuta sosai. A mayar da sanda ɗaya tak, a ramin da littafin allon ya nuna, wanda galibi shi ne na biyu daga furosesa. A kuma gwada wata wayar gilashi, ko wata kafar.

Hoto ya fito, Windows bai fito ba

Wannan alama ce mai daɗi, domin BIOS yana lafiya. Matsalar ita ce sabuntawa ta mayar da saiti kamar ranar da aka ƙera na'urar. A shiga BIOS da maɓallin Suppr ko F2, a HP kuwa F10, a duba abu uku. Na farko, ko diskin Windows ne ke kan gaba a jerin tashi. Na biyu, tsofaffin Windows da aka zuba bisa tsarin da ake kira Legacy ba su tashi sai an kunna CSM. Na uku, hanyar magana da diski: in da AHCI aka zuba Windows, BIOS kuma ya koma RAID, ko akasin haka, sai gilashi ya yi shuɗi da rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Mayar da saitin yadda yake dā ya wadatar.

Akwai kuma shuɗin gilashin da ke tambayar lambar BitLocker. Makullin TPM ne ya ga BIOS ya sake, ya ƙi buɗe diski sai an nuna masa shaida. Shaidar lamba ce mai alƙaluma 48. Ga na'urar mutum, yawanci tana ajiye cikin akawun ɗinsa na Microsoft, ana iya ganin ta da wayar salula. Ga na'urar buro, mai kula da kwamfutocin ma'aikata ake tambaya. In babu wannan lamba, babu mai gyaran da zai iya buɗe takardun, saboda haka a biɗe ta tun na'ura na lafiya.

In BIOS ɗin ne ya lalace

Wannan yakan faru ne in wuta ta yanke, ko in an zuba fayil ɗin wani allo dabam. Alluna masu suna ɗaya kan bambanta da zubi, kuma a na Gigabyte ana rubuta rev. 1.0 ko rev. 2.0 a kusurwa. Akwai kuma tarko na uku: wasu allunan AMD na AM4 masu ƙwayar megabayit 16, da aka ƙara masu sanin sababbin Ryzen, sai aka cire sanin tsofaffin furosesa na jerin A don a sami wuri. Mai tsohon furosesa in ya zuba irin wannan BIOS, na'urarsa ba ta tashi.

Alluna da yawa na zamani suna da ɗan maɓalli a baya kusa da kafofin USB. ASUS na kiran sa BIOS Flashback, MSI na cewa Flash BIOS Button, Gigabyte kuma Q-Flash Plus. Da wata kwamfuta ake sauko da fayil ɗin daga shafin kamfanin, a sa shi cikin kile da aka tsara bisa FAT32, a sake masa suna: MSI.ROM ga MSI, GIGABYTE.bin ga Gigabyte, ASUS kuma yana haɗo ɗan shirin da ke sake sunan. A sa kile a kafar da aka yi ma alama, na'ura a kashe amma kuran na jone, a danna maɓallin. Fitila za ta yi ta ƙiftawa. Ba a taɓa komi sai ta mutu da kanta. Wasu allunan Gigabyte kuma suna da ƙwaya ta biyu, DualBIOS, mai karɓar aiki in ta farko ta lalace.

A kwamfutocin HP, ana danne maɓallin Windows da B tare, a danna na kunnawa daƙiƙa 2 ko 3, a ci gaba da riƙe biyun har shafin ceto ya fito. A kwamfutocin hannu na Dell, ana zare caja, a danne Ctrl da Échap, a mayar da caja ana riƙe da su.

Wajen mai gyara

In duk wannan ya faskara, saura ɗan abin aikin da ake kira CH341A, wanda ke da ɗan maƙali mai cafke ƙwayar BIOS a rubuta ta daga wata kwamfuta. Wannan aikin gwani ne, domin wasu ƙwayoyi bolt 3,3 suke ci, wasu 1,8, kuma kuskure yana ƙona su. Mai na'ura yana da haƙƙin gindaya sharuɗɗa. A cire diski a riƙe a gida in yana ciruwa, ko a kwafe takardun a gabansa. Mai gyara ya fara kwafe abin da ke cikin ƙwayar kafin ya goge, domin a cikinta ne lambar na'ura take, da lasisin Windows a kwamfutocin da aka ƙera tun 2012. Kuma kada a yarda da sayen sabuwar uwar allo sai an gwada wannan hanya, wadda ta fi araha nesa.

Kafin a taɓa

A Nijar babban abokin gabar wannan aiki shi ne yankewar kuran. Wani babban kaso na wutar ƙasa daga Najeriya yake zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina mai ba Maraɗi da Damagaram, kuma ba a manta da yadda aka yanke shi daga Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024 ba. Ko a lokacin lafiya, watannin Afrilu da Mayu na zafi sun shahara da yankewa. Saboda haka kwamfutar tebur ba a sabunta mata BIOS sai tana bisa ondilar mai batiri lafiyayye. Ta hannu kuma sai batirinta ya cika, caja na jone. Waɗanda aka sayo na hannu daga Lome ko Kano sau da yawa batirinsu ya gaji, ba ya riƙe ko minti 5.

A kwafe takardu cikin diskin waje. A ɗauki hoton shafukan saitin BIOS da wayar salula. A rubuta lambar BitLocker a takarda a adana tare da takardun shago, a kuma dakatar da BitLocker daga cikin Windows kafin a fara. A karanta cikakken sunan allon da zubinsa, a sauko da fayil daga shafin kamfanin da ya ƙera shi kaɗai, a kuma karanta bayanin da ke tare da shi don a san abin da yake gyarawa. In na'ura na aiki lafiya, bayanin kuma bai ambaci tsaro ko wata matsalar da ta shafe ta ba, babu dalilin gaggawa. In kuwa ya zama dole, a zaɓi ranar da ba a jiran rahoto ko biyan albashi. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin nan bai wuce aikin rabin awa ba.