Fuskar ƙarfe da dariyar yaƙe

Ƴan uwa mata, a Porto-Novo ta ƙasar Benin akwai wani maƙeri, Calixte Dakpogan, haifaffen 1958, jinin maƙeran sarakunan garin. Shi ba ƙofa ko gado yake haɗawa ba kamar masu waldarmu na bakin titi a Agiye. Tarkacen matattun motoci yake tsintowa, ya yi musu walda su zama fuskar mutum. Ɗana ya nuna mini hotunan a waya, na daɗe ina kallo. Daga nesa fuska ce sosai. In kin matso, sai ki gane kowane guntu, don bai ɓoye shi ba.

Sai na tuna akwatin asusunmu na farko. Mai walda ya shafe shi da shuɗin fenti, sai ƙyalli. Damina guda marfin ya ɓalle, ashe ɗigon walda biyu ke riƙe da shi.

Haka wata ƴar ƙungiyarmu. Kullum ranar zubi tana zuwa fes, a gaishe ta, ta ce lafiya lau tana dariya. Ashe zanen na aro ne, zubin ma bashi take ciyowa don kar a ce ta gaza. Sai da ya kai jika 15 ta zo ɗakina ta fashe da kuka. Mu ma da laifinmu, wallahi, mu ke yi wa mai latti ba'a.

Mun ɗaga mata biya har kaka. Yanzu kafin a buɗe akwati, nakan tambaya: wa ke cikin matsi? Makon jiya mata uku suka ɗaga hannu.