Gano Lalacewar Ƙwaƙwalwar Jikin Motar Kayan Gwari da Yadda Ake Sauya Ta

Manomin da ya shuka tumatir a Kadawa ko Ɗanja bai ga amfanin guminsa ba sai kwandonsa ya isa hannun mai saye. Babbar mota ce ke cin tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, amma daga nan ƙananan motocin 'yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba ne ke rarraba kayan kafin rana ta yi zafi. Tumatir da tattasai ba su san jiran makanike ba. In mota ta ƙi tashi da asuba, asarar kan bi ta kan direba da dillali har ta komo gona. Shi ya sa ya dace kai manomi mai mota, da kai malamin gona da ke ba ƙungiyoyi shawara, ku san wani ɗan akwati da ke tsayar da motoci da yawa, kuma ake yawan ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Tsohuwar J5, wadda kamfanin Peugeot ya fara ƙerawa a 1981, ba ta da wannan akwati. Waya ce ke tashi daga makunni ta bi ta fis ta isa fitila, kuma kowane mai wayarin zai iya bin ta da ido. Motocin da suka biyo bayanta, irin su Boxer da Fiat Ducato da Ford Transit na ƙirar 2006 zuwa sama, sun sha bamban. Idan ka danna makunni, saƙo ne kawai ka aika wa wata ƙaramar kwamfuta, ita ce za ta ba fitila wuta. A gareji ana kiran ta BCM, a wasu motocin Peugeot kuma BSI. Ita ke kula da fitilu, da sigina, da waifa, da ham, da makullan ƙofa, kuma a motoci da dama ita ke tantance makulli kafin inji ya yarda ya tashi. Kada ka haɗa ta da ƙwaƙwalwar inji, wadda ke kula da mai da tartsatsi. Akwati biyu ne dabam. Galibi tana ƙarƙashin dashbod, manne da akwatin fis.

Alamomin da za ka gani

Idan fitila guda ce ta mutu, ka fara zargin ƙwai ko fis. Abin da ke nuna ƙwaƙwalwa shi ne rikicewar abubuwan da ba su da dangantaka: waifa ta kama aiki ba a kunna ta ba, ƙofofi su kulle kansu, sigina ta ƙi, fitila ta kwana a kunne bayan an zare makulli, batir ya wayi gari babu wuta. Wani lokaci inji ya yi ta juyawa amma ya ƙi kamawa, alamar makulli tana ƙyaftawa. Sai dai duk waɗannan alamomi batir mai rauni ko waya mai tsatsa na iya kawo su. A ganina, wannan ne babban dalilin da ke sa mutane sayen akwatin da ba su buƙata.

Abin da ke kashe ta a motar manomi

Ruwa ne kan gaba. Damina a Legas tana da tsawo, iskar garin kuma cike take da danshi. Idan ganye da ƙura suka toshe magudanar da ke ƙarƙashin gilashin gaba, ko robar gilashin ta tsufa, ruwa kan ɗiga kai tsaye kan akwatin. Haka mai wankin mota da ke cusa tiyo cikin gidan direba bayan an sauke kaya ko naman mahautar Oko-Oba. Akwai kuma abin da mu masu harkar gona muka fi kowa sani: takin yuriya yana janyo danshi daga iska, kuma ƙurarsa na cin ƙarfe da jan gaci. Buhu guda da aka ajiye a gefen direba ya zube ƙarƙashin shimfiɗa ya isa ya sa kawunan waya su yi kore. Ruwan ruɓaɓɓen tumatir ma yana da tsami. Motar da ke dakon masara ko dawa kuwa ba ta rabuwa da ɓera, shi kuma ba ya barin rigar waya.

Sauran daga hannun mutane ne: yin walda a jikin mota ba tare da cire batir ba, juya kan waya lokacin tayar da mota da batirin aro, da jona ƙarin fitilu ko babban ham a kan wayar da ba a yi ta don wannan nauyi ba.

Bincike kafin a yanke hukunci

Ka sa a fara da batir. Da mitar awon wuta, cikakken batir da ya huta zai nuna kimanin bolt 12.6, in ya sauka zuwa 12.2, kusan rabin cajinsa ya tafi. Idan inji na aiki, a yawancin motoci ana ganin tsakanin 13.8 da 14.5. Kwamfutar mota ba ta jure ƙarancin wuta, sai ta riƙa yin abin da ba a sa ta ba. Daga nan a kwance wayar da ke haɗa batir da jikin mota, a goge mahaɗarta har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tamau. Wannan ɗan aikin ya warkar da motocin da aka riga aka yi wa ƙwaƙwalwarsu ciniki. A gwada kowane fis da mita, domin ido kan ruɗi mutum. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a taɓa ko da laima, a zare filogin akwatin a duba ko ƙafafunsa sun yi kore ko fari.

Sai a zo kan na'urar bincike, wadda ake jonawa a wata mahaɗa mai ramuka 16 kusa da sitiyari. A nan ka lura sosai. Ƙananan na'urori masu araha laifin inji kaɗai suke karantawa, wato lambobin da suka fara da harafin P. Laifin jikin mota da B yake farawa, na katsewar magana tsakanin kwamfutoci kuma da U. Lambar U0140, alal misali, tana nufin sauran kwamfutoci sun daina jin ƙwaƙwalwar jiki. Ba ta ce akwatin ya mutu ba. Mai yiwuwa wutarsa ce ta yanke, ko wayoyi biyun da kwamfutocin ke magana ta cikinsu. Gwajin waɗannan wayoyi ba shi da wuya: a cire batir, a auna tsakanin rami na 6 da na 14, a yawancin motoci mita za ta nuna kimanin om 60. In ta nuna 120, akwai yankewa a wani wuri.

Ƙwararren mai wayarin zai danna makunnin fitila yana kallon na'urarsa, ya ga ko saƙon ya isa. Sannan ya umarci akwatin ta na'urar ya kunna fitilar. Idan wuta na shiga akwatin, wayarsa ta jikin mota lafiya lau, saƙo na isa, wayar fitila ba ta yanke ba, amma wuta ta ƙi fita, to a lokacin ne laifi ya tabbata a kansa. Wanda ya ce maka "ƙwaƙwalwa ce" tun bai ɗauko mita ba, ka nemi ra'ayin wani. Game da batir mai ƙarewa da dare, a kulle mota a jira kamar minti 30, a auna abin da take sha. In ya wuce miliamfa 50 da yawa, akwai abin da bai yi barci ba, kuma sau da yawa rediyo ne ko na'urar bin sawu da aka ƙara daga baya.

Sauyawa

Akwatin da laima ta taɓa sama-sama wani lokaci yakan gyaru in masu gyaran lantarki sun wanke allonsa sun sake dalma. In tsatsa ta ci hanyoyin allon, sai sauyi. Kafin a cire tsohon, a sa mai na'ura ya kwafe bayanan da ke ciki in har yana amsawa. A kashe mota, a jira 'yan mintuna, a cire baƙar wayar batir tukuna, a ɗauki hoton filogai da wayar hannu kafin a zare su.

Wanda za shi kasuwar Ladipo a Mushin ya tafi da tsohon akwatin, ya gwada lambar da ke jikin takardarsa harafi da harafi. Kama da wane ba ta wane. Akwati biyu na iya zama iri ɗaya a ido, cikinsu dabam. Na Beljiyam ya fi araha, amma yana ɗauke da bayanan motar da aka ciro shi, har da na makullanta. Saboda haka ko dai a kwafa masa bayanan tsohon, ko a saye shi tare da ƙwaƙwalwar inji da makullan da suka taho tare. A karɓi rasit, a kuma yi sharaɗin mayarwa in bai yi ba. Ban goyi bayan aro akwatin motar abokin aiki don gwaji ba, domin a wasu motoci hakan kan rikita tsarin makulli, mota biyu su kwana a gareji maimakon ɗaya.

Bayan an ɗaura, wajibi ne a saita shi da kwamfuta ya san motar da ya shiga. A zo da dukan makullai a ranar, saboda wanda ba a gabatar ba yana iya daina aiki. A Ducato da 'yan'uwanta, in ka ga lambar kilomita tana ƙyaftawa, saitin bai kammala ba, kada ka biya sauran kuɗi tukuna. A gwada fitilu, da waifa, da ham, da kowace ƙofa, a bar motar ta kwana a kulle a ga yadda batir zai wayi gari. Sannan a zuba bokitin ruwa a kan gilashin gaba, wani yana ciki da tocila yana duba ƙarƙashin dashbod. In ɗigo ya bayyana, a buɗe magudanar a sake robar gilashin kafin a loda kwando ko ɗaya.