Shin Ko Kun San? Sirrin Kifayen Kogi da Tafki

Shin ko kun san koguna da tafkuna da fadamu ba su kai kashi 1 cikin 100 na faɗin duniya ba, amma kusan rabin nau'o'in kifin da aka sani a cikinsu suke? Sun haura nau'i 18,000.

Ko kun san kifi yana yawo da takardar haihuwarsa a ka? Akwai wata 'yar tsakuwa a cikin kunnensa da ke ƙara zobe yayin da yake girma. Masana kan yanka ta, su sa a na'urar ganin ƙananan halittu, su ƙirga shekarunsa. In suka tarar yawancin abin da taru ke kawowa ƙanana ne da ba su taɓa zuba ƙwai ba, sun san an fara cin iri ke nan.

Yauni, wanda wasu ke kira ɗan sarki, ya buɗe wa kimiyya sabon babi. A 1951 wani masani na Jami'ar Kambirij a Ingila, Hans Lissmann, ya gano cewa kifin yana sakin lantarki mara ƙarfi daga wutsiyarsa, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna da shi yake lalube hanya. Shi ya sa yake ja da baya cikin ruwa mai laka bai yi karo da komai ba. Lantarkin minjirya kuwa na farauta ne da kare kai. Wanda ya taɓa ta ya ji a jikinsa.

Gaiwa tana da huhu. Tafki na ƙafewa sai ta nutse cikin taɓo, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta bar ƙaramar kafar numfashi, tana cin tsokar jikinta har damina ta faɗi.

Giwan ruwa da muke alfahari da shi a nan, ɓarna ya yi a Tafkin Biktoriya. An zuba shi a can a shekarun 1950, kuma masana sun ƙiyasta cewa kimanin nau'i 200 na ƙananan kifayen tafkin sun ɓace.

Kifi ma yana fama da annoba. A ƙarshen 2018 wata ƙwayar cuta ta faɗa wa karfasar da ake kiwo a Tafkin Bolta na Ghana, masu kiwo suka tafka asara.

Nijeriya tana da cibiyar binciken kifi ta ƙasa a New Bussa, jihar Neja, wadda ta samo asali daga aikin binciken Tafkin Kainji a 1968.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rahoton ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, na 2023: ɗaya cikin kowane nau'i huɗu na kifayen kogi da tafki da aka bincika yana fuskantar ƙarewa. Ƙasar Sin sai da ta rasa wani ƙaton kifinta har abada, ta kuma hana kamun kifi a Kogin Yangtze na shekara 10 daga 2021. Kabawa ma sun san wannan dabara, domin ana hutar da kogin Matan Fada a Argungu har ranar bikin kamun kifi.

Don Allah masunta, a daina kamu da gidan sauro, a daina zuba gubar Gamalin a ruwa. A bar kifi ya hayayyafa.