Matamata, Kififiyar da Sana'arta Haƙuri

Daga cikin halittun da Allah Maɗaukakin Sarki Ya ɓoye a kogunan Amurka ta Kudu, akwai wata kififiya da ake kira matamata, wadda duk wanda ya hango ta kwance a ƙarƙashin ruwa ba zai zaci mai rai ba ce, sai ya ɗauka ɓawon itace ne da ruɓaɓɓun ganyaye. Kanta faffaɗa ne mai kusurwa uku, wuyanta dogo mai tsiron fata ta kowane gefe, ƙoƙon bayanta kuwa, wanda kan kai santimita 45, gansakuka takan lulluɓe shi. Tun shekarar 1783 masana suka siffanta ta, amma sai a 2020 bincike ya tabbatar cewa ta kogin Orinoko jinsi ce dabam da ta kogin Amazon.

Mazauninta fadamu ne da ƙoramu marasa zurfi, masu gudana a hankali, waɗanda ganyayen daji suka rina ruwansu ya yi duhu, ya ɗan yi tsami. Da yake ba ta ƙware a iyo ba, tafiya take yi a kan laka, in kuma numfashi ya kama ta, sai ta miƙa wuya har siririn hancinta ya leƙa sama, alhali sauran jikinta bai motsa ba.

Al'amarin cin abincinta shi ne mafi ban ta'ajibi. Ba ta farauta, ba ta tauna. Takan yi lamo har kifi ya kusato, sa'an nan ta wangame baki farat ɗaya, ta buɗe maƙogwaro, ta zuƙo ruwa da kifi ciki tare, ta furzar da ruwan, ta haɗiye kifin ɗungurungum.

To, wanda ya yi niyyar kiwonta, wajibi ne ya tanadi faffaɗan kwatami marar zurfi, yadda za ta iya kai hanci sama daga inda take kwance, da ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 28, da na'urar tace shi, da ganyaye na fakewa, da ƙananan kifaye iri-iri, ya kuma daina yawan ɗaga ta, domin hakan na razana ta har ta ƙi abinci. Saboda yawan safararta ta haram, wani taron ƙasashen duniya da aka yi a Panama a 2022 ya sanya cinikinta a ƙarƙashin dokar izini.

Malamai sun ruwaito hadisin macen da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Dabbar da ke hannun mutum amana ce, wanda kuwa ya san ba zai iya cika sharuɗɗan nan ba, ya bar matamata a koginta.