Manhajar haya: kuɗin da ke fita ba a yi ciniki ba

A kasuwa, kuɗi ba su barin lalita sai an yi tayi an sallama. Amma a harkar manhajojin salula da na kwamfuta abin ya sake. Dā mutum kan sayi manhaja sau guda, ta zama tasa. Yau haya ake badawa, wadda muka fi sani da abonema. Da ka ba da lambar katin banki, in wata ko shekara ta cika sai a sabunta hayar a cire kuɗi, ko da farashi ya hau.

A watan Janairu 2025, kamfanin Microsoft ya ɗaga hayar Microsoft 365 ta mutum guda a Amurka daga dala 69,99 zuwa 99,99 a shekara, bayan ya haɗa ta da Copilot. Ƙarin ya haura jika 15 na sefa. A Oktoban shekarar, hukumar kare masu saye ta Ostareliya ta kai shi kotu, bisa zargin ɓoye ma mutane wajen miliyan 2,7 cewa akwai tsarin "Classic" mai tsohon farashi, wanda ba a gani sai an shiga soke hayar. Daga baya kamfanin ya nemi afuwa, ya yi tayin maida kuɗi.

Fita ma da wuya. A 2024 gwamnatin Amurka ta yi ƙarar Adobe, tana zarginsa da ɓoye tarar da ke kan mai soke hayar shekara kafin lokaci: rabin kuɗin watannin da suka rage.

Ƴan kasuwa maza da mata, abin ya shafe mu, tunda da yawa da salula muke lissafi da tallar haja. In an ce "gwaji kyauta" kuma aka nemi lambar kati, a tuna banza ba ta kai zomo kasuwa: gwajin na ƙarewa, biya ya soma. Goge manhaja daga salula ba ya tsaida hayar. Sai an shiga inda aka ɗauki hayar, kamar Play Store, wurin abonema, an soke ta. A rubuta ranar sabuntawa cikin littafin bashi, kuma wanda bai iya karatu ba ya sa yaro amintacce ya duba masa saƙonnin banki kowane ƙarshen wata.