A-Kori-Kura Mai Amon Ganga: Abin Da Mai Aika Kayan Sauti Gida Ya Kamata Ya Sani

Duk wanda ya san birnin Yerwa ya san Limanti. Unguwa ce ta cikin tsohon gari, a yankin da fadar Mai Martaba Shehun Barno da babban masallaci suke, kuma sunanta ma ya nuna asalinta, watau wurin Liman, kamar yadda Shehuri take wurin Shehu, Hausari kuwa wurin Hausawa. Tun da aka kafa Yerwa cikin shekarar 1907 wannan yanki yake na malamai da almajirai da masu sarauta. To, a irin wannan unguwa ce yanzu za a ga a-kori-kura ta kunno kai da ƙaton akwati a bayanta, tun ba a hango ta ba an fara jin dirinta a ƙirji.

Dalilin da ya sa zancen ya shafi 'yan'uwa mazauna Kurmi shi ne, yawancin kayan nan daga hannunsu suke fitowa. Ƙane yana da mota a gida, sai ya aiko wa yayansa da ke Ikko ko Badun ko Anacha cewa in da zai sami amfilifaya da wufa da lasifika, da motar ta riƙa samun haya wajen biki da shela da tallar magani, ba dakon buhuna kaɗai ba. Yayan ya tara abin da ya tara a Agege ko Idi-Araba, ya shiga kasuwar Alaba da ke Ojo, ya sayi kaya masu ƙyalli, ya ɗora wa mota su yi tafiyar da ta fi kilomita 1,500. Wani lokaci abin ya yi albarka. Wani lokaci kuma kafin wata ya zagayo sai labari ya zo cewa kayan sun ƙone, ko batir ya mutu, ko kuma mafi muni, motar kanta ta kama da wuta.

Ɗora amsa-kuwwa a kan mota ba baƙon abu ba ne a Arewa. Tun zamanin Turawa motocin majigi na ma'aikatar watsa labarai suke zagaya garuruwa da lasifika a ka. Da aka ɗage takunkumin siyasa cikin 1978, jam'iyyu biyar ɗin nan, NPN da UPN da NPP da GNPP da PRP, kowacce da motocinta na shela, har GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim ta ci kujerar gwamnan Barno a 1979 da Alhaji Muhammadu Goni. A lokacin Peugeot ce sarauniyar hanya, wadda jama'a ke kira Fijo, tun da kamfaninta na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975. Amma abin da ake ɗorawa a wancan zamani kakaki ne na ƙarfe mai faɗin baki, irin na TOA ta Japan ko Ahuja ta Indiya, wanda har gobe shi ne ke kan hasumiyar masallatai.

Shi wannan kakaki gwani ne wajen kai muryar mutum nesa da wuta kaɗan. Amma ba ya ɗaukar kauri. In aka sa masa kiɗan wushe-wushe na daren bikin Barebari, algaita za ta fito tangaran, ganga kura kuwa sai ta koma kamar ana bugun gwangwani. Abin da ya kawo wufa ke nan, watau ƙatuwar lasifika mai inci 10 ko 12 ko 15, wadda aikinta kawai fitar da amon ƙasa. Shi kuwa amon ƙasa ci gare shi. Iska mai yawa ake turawa kafin ya fito, tura iska kuwa sai da wuta, wutar mota kuma tana da iyaka.

Lambar da ke jikin kwali

Wurin da aka fi cutar mai saye shi ne wajen lambar ƙarfi. Zai ga an rubuta wat 3,000 ko 5,000 da manyan baƙaƙe a jikin kwali, a gefe kuma an sa PMPO. Wannan lamba ta talla ce, ba ta da wani ma'auni da aka yarda da shi. Wadda ake dubawa ita ce wadda aka rubuta RMS a kusa da ita, domin ita ce ƙarfin da na'urar za ta iya bayarwa a kai a kai ba tare da ta gaji ba.

Akwai wata dabara mai sauƙi da ko wanda bai yi boko mai nisa ba zai iya yi a bakin shago. A juya amfilifayar a duba fiyus da ke jikinta. Wutar mota in inji yana aiki wajen bolt 14 ce, kuma wat shi ne bolt sau amfiya. In fiyus biyu ne masu amfiya 20 kowanne, an sami 40 ke nan, 40 sau 14 kuwa 560. Watau duk tsiya wutar da za ta iya shiga cikinta ba ta wuce wat 560 ba, a ciki ma wani kaso zafi yake zama. To, ta ina 5,000 za ta fito? Mai shago zai iya yin rantsuwa, amma fiyus ba ya ƙarya. Haka kuma ganin sunan Pioneer ko Sony ko Kenwood a jikin kaya bai isa shaida ba, gama jabu sun yi yawa. A ɗaga a ji nauyi, a sa a kunna ta a gaban ido kafin kuɗi su bar aljihu.

Daga nan sai a tambayi motar ita kanta. Amfilifaya mai wat 600 na gaskiya, in aka buɗe ta sosai, tana iya jan amfiya 50 da 'yan kai. Altanetar tsofaffin a-kori-kura da yawa ba ta wuce amfiya 60 ko 70 ba, alhali kuwa fitilu da fanka da sauran kayan motar suna jiran nasu rabo. Alamar an yi mata lodi fiye da kima ita ce fitilun gaba su riƙa dushewa duk lokacin da ganga ta buga. In kuwa inji a kashe yake, batir mai amfiya-awa 75 ba zai kai sa'a uku yana ciyar da irin wannan kaya ba, kuma batirin tada mota ba a yi shi domin a riƙa tatse shi ƙarƙaf ba. Sau kaɗan za a yi masa haka ya daina riƙe caji. Saboda haka masu yin abin domin sana'a sukan ajiye batir na biyu daban, ko ƙaramin janareto. Mutanen Maiduguri ba sa bukatar a koya musu wannan darasi, su da suka daɗe cikin duhu bayan an fasa turakun babban layin wuta na hanyar Damaturu a watan Janairu na 2021; daga baya kuma aka buɗe tashar wuta mai megawat 50 a garin cikin Maris na 2023.

Inda wuta take tashi

Aikin ɗaurawa na masu gyaran wutar mota ne, waɗanda aka fi sani da 'yan rewaya, kuma nagari a cikinsu ana gane shi tun daga abin da ya fara taɓawa. Kafin kome zai cire kan batir na baƙar waya. Sa'an nan ya ja jar waya mai kauri kai tsaye daga batir zuwa inda amfilifaya za ta zauna. Ga kaya mai jan amfiya 50 ko 60, wayar da ake kira lamba 4 ake bukata, wadda da rigarta ta kai kaurin ɗan yatsa. A nan ma akwai ha'inci. Waya da yawa a kasuwa alminiyam ce aka yi wa wankan tagulla, roba ta yi kauri, cikin kuwa ba kome. A kankare silin da wuƙa, in ya yi fari to ba tagulla ba ce. Alminiyam kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da tagulla ke ɗauka yake iya ɗauka, saboda haka ya fi saurin zafi.

Abu mafi muhimmanci a dukan aikin ƙaramin abu ne mai araha, watau fiyus na bakin batir. Lalle ne a sa shi a kan jar wayar, kada nisansa da batir ya wuce kamu ɗaya, wajen santimita 45. Mutane da yawa sukan ce ai amfilifaya tana da nata fiyus. Wancan na'urar yake karewa, wannan kuwa motar yake karewa. Jar wayar nan tana ratsa bangon ƙarfe da ke tsakanin inji da mazaunin direba. In aka zura ta ta huda ba a sa zoben roba ba, girgizar hanya za ta sa bakin ƙarfen ya yi ta cin rigarta a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, har ranar da tagulla ta taɓa bodi. A wannan lokaci batir zai zubo ɗaruruwan amfiya gaba ɗaya, waya ta yi ja wur kamar ta maƙera, ta kama darduma da kujera. In da fiyus, shi ne zai tsinke, shi ke nan asarar ba ta wuce kuɗin goro ba. In babu, ga kuma jarkar fetur a baya kamar yadda direbobin ƙauye suka saba, sai dai a ce Allah ya mayar da alheri. Wanda ya maye gurbin fiyus da ya ƙone da silin waya ko takardar sigari daidai yake da wanda bai sa ba.

Baƙar waya kuma, wadda ke komawa bodi, a yi ta gajera, kaurinta ɗaya da ja, a kankare fenti sai ƙarfe ya fito fes kafin a ɗaure ta da noti. Wayoyin sauti su bi ta gefe guda na mota, ta wuta ta bi ɗaya gefen, in ba haka ba za a riƙa jin wani kuka siriri yana tashi yana sauka tare da totur. Akwai kuma wata 'yar siririyar waya, galibi shuɗiya, daga rediyo zuwa amfilifaya, wadda ke kunna ta ta kashe ta. Malalacin ma'aikaci yakan haɗe ta da jar waya kawai, amfilifaya ta kwana a kunne, da asuba mota ta ƙi tashi sai da turi.

Sai maganar om, watau nauyin da lasifika ke ɗora wa amfilifaya. Yawancin na mota om 4 ne. In aka haɗa biyu kai da kai, ja da ja, baƙi da baƙi, nauyin ya koma om 2. In huɗu ne ya koma 1. Duk sa'ad da lambar ta yi ƙasa, wutar da ake ja tana ƙaruwa. Mai mota yakan ga wuri ya rage a baya ya ce a ƙara biyu, bai san ya sa na'urar da aka yi wa om 4 tana ɗaukar kayan raƙumi ba. Kakaki kuwa kada a kuskura a ba shi amon wufa, gama 'yar fatar da ke cikinsa ba ta jure shi. Kowanne da nasa layi.

Akwati aikin kafinta ne, amma ba yadda ya ga dama ba. Wufa mai inci 10 a rufaffen akwati tana son sarari kamar na jarka mai lita 25, ko ƙasa da haka kaɗan, mai inci 12 kuwa ta ɗara. Takardar da ke zuwa da ita tana faɗin daidai abin da take so, don haka kada mai aikawa ya yar da ita. Katakon ya kai kaurin milimita 18, a like kowace kusurwa kada iska ta sulale. A mota mai kujera ɗaya, bayan kujera ne kaɗai wuri, sai a yi akwatin siriri mai tsawo. In kuwa a buɗaɗɗen baya zai zauna, katakon garin nan da ake matsewa ba zai yi ba, ruwan damina ɗaya zai kumbura shi. A ɗaure shi da noti a jikin mota, domin birki da kuma ɓarayi. Ita ma amfilifaya tana son iska. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, wanda ya cusa ta ƙarƙashin kujera ya rufe da tsumma ya riga ya yi mata jana'iza. Ƙurar hunturu kuma a riƙa busa ta.

Kunne da maƙwabta

Akwai asarar da ba a gani sai an daɗe. Masana lafiyar ma'aikata sun auna cewa kunne yana jure ƙara mai desibel 85 na sa'a takwas a rana, amma in ta kai 100 minti goma sha biyar ne kawai. Wufa a cikin rufaffen gaban a-kori-kura tana wuce 100 ba da wata wahala ba. Direba da yaronsa su ne a bakin abin kullum. Farkon alama shi ne kunne ya riƙa ƙugi bayan an kashe kiɗa, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Mazauna Ikko sun san yadda hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, take rufe wuraren shaƙatawa har da na ibada saboda ƙara, kuma tun 2009 akwai dokar tarayya a kan haka a ƙarƙashin NESREA. A Limanti kuwa kafin a kai ga hukuma akwai idon dattawa. Lunguna ne matsattsu, gida jikin gida, ga masallaci ga makarantar allo. Direban da ya san kansa yakan rage sauti tun daga Dandal, ya kashe gaba ɗaya in an kira salla ko ya tarar da zaman makoki. Ban da haka, garin da ya sha jin fashewar abubuwa tun daga 2009, ba kowane tsoho ko ƙaramin yaro ba ne zai ji diri ya girgiza taga cikin dare ya ɗauka kiɗa ne.

Wanda zai aika kaya, kafin ya je Alaba ya bugo waya gida a gaya masa abu uku: irin motar, lambar da ke jikin altaneta, da faɗin wurin da akwati zai zauna. Ya sayi wayar tagulla da fiyus da mazauninsa a can tare da sauran kayan, har da fiyus biyu na ajiya, ya sa su cikin kwali ɗaya. In ya bar wa na gida sayen waya, bayan kuɗin mota da na rewaya da na kafinta sun cinye abin da ke hannu, mafi araha za a saya.